Sauya Jami'a Domin Karatun Injiniyancin Sinadarai a Nijeriya: Inda Shekarar Ɗalibi Take Salwanta

Tsakure

Wannan takarda ta duba halin ɗalibin da ya fara karatu a wata makaranta ko wani sashe, daga baya ya nemi komawa sashen injiniyancin sinadarai na wata jami'a a Nijeriya. Ta nuna cewa abubuwa biyu da aka fi dogaro da su wajen karɓarsa, wato matsakaicin makinsa da sunayen kwasa-kwasan da ke kan takardar sakamakonsa, ba su auna abin da zai riƙe shi a aji uku. Manhajar fannin a sarƙe take, kowane kwas yana rataye da na bayansa, kuma zangon koyon aiki a masana'anta yana ƙara tsawaita duk wani giɓi da aka shigo da shi. Takardar ta kawo shawarar a riƙa yi wa mai neman sauyi gajeriyar jarrabawa a kan lissafin shiga da fita na kaya da makamashi, sassa kuma su wallafa jadawalin kwasa-kwasan da suke karɓa daga juna.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin jami'in jarrabawa ko mai kula da aji a tsangayar injiniya ya san irin fayil ɗin da nake nufi. Yakan zo daga ofishin magatakarda, ɗauke da takardar neman sauyi, da takardar sakamako daga tsohuwar makaranta, da ɗan gajeren umarni cewa sashe ya duba ya faɗi ajin da za a ajiye mai ita. Kwamiti zai zauna, a duba matsakaicin maki, a jera sunayen kwasa-kwasai gefe da gefe, a yanke hukunci cikin rabin sa'a. Abin da na zo in yi jayayya a kansa shi ne wannan rabin sa'ar. A ganina hukuncin yakan faɗa ɗaya daga ramuka biyu: ko a mayar da ɗalibi baya ya maimaita abin da ya riga ya iya, ko a tura shi gaba ya je ya tarar da abin da ba a shirya shi ba. Na farkon asarar shekara ce da kuɗin iyaye. Na biyun ya fi muni, domin asarar ba ta bayyana sai bayan shekara biyu, lokacin da kariyoba ta taru har ta fi ƙarfin ɗauka.

Takardar ta ginu a kan tsarin manhajar fannin, da ƙa'idojin hukumomin da ke kula da shi, da abin da malamai ke gani a aji. Ban taɓo sauyin da ake yi a matakin digiri na biyu ba.

Su wane ne masu sauyawa

Ba jinsi ɗaya ba ne, kuma haɗa su a ƙarƙashin doka ɗaya yana cikin tushen matsalar.

Akwai wanda yake cikin jami'ar, ya nemi injiniyanci a JAMB aka ba shi kemistiri ko kemistirin masana'antu, ya karɓa da niyyar idan ya yi ƙoƙari a aji ɗaya zai tsallaka. Akwai wanda yake karanta injiniyancin sinadaran a wata jami'ar, amma aure, ko sauyin wurin aikin mahaifi, ko tsadar makaranta, ko rashin tsaro a hanya ya sa dole ya koma kusa da gida. Yajin aikin ASUU na 2020, wanda ya ɗauki kusan wata tara, da na 2022, wanda ya fara 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba, sun ƙara wa wannan rukuni mutane, domin iyaye masu hali sun nemi mafita a jami'o'in kuɗi. Bayan haka tsadar rayuwa ta juyo da wasu daga jami'o'in kuɗin zuwa na gwamnati.

Sai mai difloma daga foliteknik, kamar ta Kaduna, ko daga Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur ta Effurun, wanda yake shigowa ta ƙofar shiga kai tsaye. A takarda ba a kiran wannan sauyin jami'a, amma matsalarsa iri ɗaya ce: ya zo da karatu a hannu, ana so a san nauyinsa. Dalilinsa na neman digiri a fili yake, domin hukumar kula da aikin injiniya ta COREN tana yi wa mai babbar difloma rajista a rukunin masu fasahar injiniya, mai digiri kuma a rukunin injiniyoyi, kuma wannan bambanci yana bin mutum har cikin albashi da ƙarin girma.

Rukuni na ƙarshe su ne waɗanda yaƙi ya koro. An kwaso ɗaliban Nijeriya daga Yukiren bayan Fabrairun 2022, aka kuma kwaso wasu daga Sudan bayan faɗan da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, ta kan iyakar Masar da kuma Port Sudan. Da yawa daga cikin na Sudan 'yan Arewa ne. Za mu dawo kansu, domin su ne suka fi tona raunin dogaro da takarda kaɗai.

Abin da ke jan su duka zuwa wannan fanni ba ɓoyayye ba ne. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, an ƙaddamar da ita a Mayun 2023, kamfanin takinsa mai tan miliyan 3 na yuriya a shekara kuma a Maris ɗin 2022. Ga bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, ga kamfanonin siminti a Sakkwato da Ashaka da Obajana, ga sukari a Numan. Ko matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980 kuma ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata, har yanzu sunanta yana sa yaro ya yi mafarkin zama injiniya a cikinta.

Yadda manhajar take a sarƙe

Ɗalibin kemistiri da ke neman tsallakowa yakan ɗauka cewa ya riga ya yi rabin tafiya. Bai yi ba. Masanin kemistiri yana tambayar me zai faru idan an haɗa wannan da wancan a kwalbar gwaji. Injiniyan sinadarai ya karɓi amsar, tambayarsa ita ce yadda za a yi hakan tan dubu a rana ba tare da tukunya ta fashe ko kamfani ya karye ba. Tun laccocin da George Davis ya gabatar a Manchester a 1887 fannin ya kama wannan hanya. A 1915 Arthur D. Little ya fayyace cewa kowace masana'anta, ta sabulu ce ko ta fetur, tarin wasu ayyuka ne da ake maimaitawa: tura ruwa a bututu, dumamawa, tacewa, busarwa, raba abubuwa ta hanyar tafasawa. A 1960 littafin Bird da Stewart da Lightfoot ya mayar da waɗannan ayyuka ga lissafi guda na yadda motsi da zafi da ƙwayoyin abu ke tafiya. Manhajar da muke koyarwa yau a Zariya da Bauci da Minna da Maiduguri da Kano gadon wannan tarihi ce, kuma kowane sabon hawa da aka ƙara mata ya ƙara yawan abin da dole a sani kafin a hau.

A jami'o'inmu karatun shekara biyar ne ga wanda ya shigo ta jarrabawar JAMB. Aji ɗaya kimiyya ce ta kowa: lissafi, fiziks, kemistiri. A aji biyu ɗaliban tsangayar injiniya suna zama tare su yi zanen injiniya, da aikin bita, da lantarki, da ƙarfin kayan gini, da tamodainamiks, da lissafin injiniya. Ɗalibin tsangayar kimiyya bai yi yawancin waɗannan ba, shi ya sa wanda ya gama aji biyu a kemistiri ba shi da wurin zama a aji ukun injiniya, komai kyan makinsa. Wannan kam ba a jayayya a kansa.

Inda ake kuskure shi ne kwas ɗin da sashe ke fara koyar da 'ya'yansa a aji biyun nan, wato lissafin shiga da fita na kaya da makamashi, wanda akasari ake koyarwa da littafin Felder da Rousseau ko na Himmelblau. Ƙa'idarsa ɗan firamare zai iya haddacewa: abin da ya shiga, a haɗa da abin da aka samar a ciki, a debe abin da ya fita da abin da aka cinye, saura shi ne abin da ya taru. Bari in kawo misali daga masana'antar sukari. An zuba ruwan rake kilo 1,000 mai sukari kashi 15 cikin 100 a na'urar ƙafewa, ana so ya fito da kaurin kashi 60. Sukarin kilo 150 ne, kuma ba ya bin tururi, saboda haka abin da zai fito kilo 250 ne, ruwan da aka kora kilo 750. Kowane kilo na ruwa yana cin kimanin kilojul 2,260 kafin ya zama tururi, ke nan ana maganar kilojul miliyan 1.7 a kan tan ɗaya na ruwan rake. Daga wannan adadi kaɗai ɗalibi zai gane abin da ya sa masana'antun sukari ke jera tukwane, tururin ta farko ya dafa ta biyu.

Wannan mai sauƙi ne. Wahalar tana farawa inda aka ce wani sashe na abin da ya fito a mayar da shi ciki. A masana'antar amoniya, wadda daga ita ake yin takin yuriya, kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai na iskar da ta ratsa riyakta ke zama amoniya a zagaye guda. Sai a sanyaya a cire amoniyar, a mayar da sauran. To amma iskar tana ɗauke da ɗan agon da mitan waɗanda ba su shiga haɗin, kuma idan aka yi ta mayarwa za su taru har su shaƙe tsarin, don haka dole a riƙa zubar da wani kaso. Nawa za a zubar? A ina za a zana iyakar lissafin don a rage yawan abubuwan da ba a sani ba? Ɗalibin da ya iya amsa wannan da kansa, ya zana taswirar tsarin daga bayanin baki, ya ƙirga abin da aka ba shi da abin da ake nema kafin ya taɓa kalkuleta, ya shiga fannin. Wanda bai iya ba yana bakin ƙofa, ko da an rubuta masa aji huɗu a katin shaida.

Dalili kuwa shi ne duk abin da ke gaba wannan lissafin ne a sabuwar riga. Tafiyar zafi shi ne a kan ɗan siririn yanki na bangon bututu. Distileshan shi ne a kan kowane faranti na hasumiya. Zanen riyakta shi ne tare da saurin haɗuwar sinadarai. Kwas ɗin sarrafa tsari shi ne a lokacin da abubuwa ke canzawa da daƙiƙa, wanda ke buƙatar lissafin difarenshiyal na aji biyu da uku. Aikin zanen masana'anta na aji biyar kuwa babinsa na farko bayan zaɓen hanya shi ne wannan lissafi, kuma idan ya karkace duk girman na'urori da ƙiyasin kuɗi sun karkace.

Yanzu a ɗauka ga jami'o'i biyu. Ta farko tana gama wannan kwas a aji biyu, kaya a zangon farko, makamashi a na biyu. Ta biyun tana yin kaya a ƙarshen aji biyu, ta bar makamashi sai farkon aji uku. Ɗalibi ya gama aji biyu a ta biyun, ya nemi komawa ta farko. Kwamiti ya ga suna iri ɗaya a takarda, ya ga ya ci da B, ya ajiye shi a aji uku. Ranar farko malamin tamodainamiks na sashe ya ɗauka kowa ya saba da teburin tururi da lissafin entalpi. Wannan yaro bai taɓa buɗe teburin ba. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya karya doka, amma an cuce shi.

Tarkon zangon koyon aiki

Akwai wani abu a tsarinmu da ke ninka wannan cuta, kuma ban cika jin ana ambatonsa a zaman kwamiti ba. Kusan kowane kwas sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, na zangon farko a zangon farko, na biyu a na biyu. Sannan shirin koyon aiki na SIWES, wanda hukumar ITF ta fara a 1973, yana ɗauke ɗalibin injiniya daga makaranta tsawon wata shida, a zango na biyu na aji huɗu.

To a duba abin da zai faru da wanda aka karɓa a aji uku, aka ce ya cike wani kwas na zango na biyu na aji biyu. Zai ɗauke shi a zango na biyu na aji uku. Idan kwas ɗin sharaɗi ne ga wani na wannan zangon, ko lokacinsu ya yi karo, ko nauyin ya haura yunit 24 da aka ƙayyade, to na aji ukun dole ya jira. Zango na biyu na gaba kuwa yana masana'anta, babu aji. Ke nan kwas ɗin aji uku sai a zangon ƙarshe na aji biyar, bayan an riga an wuce kwasa-kwasan da suka dogara da shi, ko kuma an hana shi yin su. Giɓin yunit biyu ko uku ya zama ƙarin shekara cur. Da tun farko an ce masa ya koma aji biyu, da shekarar da zai rasa ɗaya ce dai, amma da ya fita da tushe mai ƙarfi da maki mai kyau. Na ga iyaye suna murna an karɓi ɗansu a aji uku ba a mayar da shi baya ba, alhali hukuncin da suka ɗauka alheri shi ne ya fi tsada.

Abin da takardar sakamako ba ta faɗa

Matsakaicin maki ma ba harshe ɗaya yake yi ba. Yawancin jami'o'inmu suna auna shi bisa 5, foliteknik bisa 4, Jami'ar Ibadan kuma ta daɗe tana yi bisa 7 kafin ta sauya. Ɗalibin da ya fito daga Nijar, inda ake bin tsarin LMD irin na Faransa, yana zuwa da maki bisa 20, kuma duk wanda ya san tsarin Faransa ya san cewa 14 a can ba ƙaramin abu ba ne. Idan ma'aikacin ofis ya mayar da shi kashi 70 cikin 100 da lissafin kai tsaye, ya yi sa'a ya faɗa kusa da daidai. Idan ya mayar da shi 3.5 bisa 5, ya rage masa daraja. Irin wannan ɗalibi, wanda wataƙila matatar SORAZ ta Damagaram ce ta sa masa sha'awar fannin, yakan zo da lissafi mai ƙarfi, matsalarsa Turanci ce, kuma takardar ba ta nuna ko ɗaya daga cikin biyun.

Ba ta kuma nuna aikin hannu. Mai babbar difloma ya shafe sa'o'i a ɗakin gwaji da bita fiye da ɗan jami'a, ya yi shekara guda a masana'anta tsakanin ƙaramar difloma da babba, ya san ƙarar famfon da ke shan iska. Inda yakan yi tuntuɓe shi ne lissafin difarenshiyal da fitar da ƙa'ida daga tushe. Abin da muke yi masa sau da yawa shi ne mu sa shi ya maimaita aikin bitar da zai iya koyar da mu, mu bar shi da raunin lissafin babu taimako.

Hukumomi uku da ke bakin ƙofa

JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara tsarin ba da gurbin karatu na CAPS a 2017, kuma tun daga lokacin duk gurbin da bai bi ta nan ba yana cikin haɗari. Abin da ya shafi mai sauyi shi ne dole sunansa ya bayyana a rajistar JAMB a ƙarƙashin jami'ar da za ta yaye shi da kwas ɗin da ya gama. In ba haka ba zai gano matsalar ne ranar da abokansa ke karɓar takardar kiran bautar ƙasa. Wannan aikin ofis ne, amma ba a fafe gora ranar tafiya, a zangon farko ya kamata a gama shi.

Hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fito da sabuwar manhajar CCMAS a Disambar 2022, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. An yi ta muhawara a kan ko hakan ya tauye ikon majalisun jami'o'i, kuma ina da nawa ra'ayin, amma ba nan ne wurinsa ba. Ta fuskar sauyin jami'a dai abin alheri ne: idan kashi 70 iri ɗaya ne a suna da lamba da aji, hujjar mayar da ɗalibi baya ba tare da bincike ba ta ragu ƙwarai. Sai dai manhajar da ke kan takarda daban, abin da aka kai ga koyarwa kafin jarrabawa daban. Zangon da aka matse bayan yajin aiki yakan ƙare ba a kai babi na ƙarshe ba, kuma a wannan kwas da nake magana babin ƙarshen shi ne haɗa kaya da makamashi a lissafi guda.

COREN, wadda doka ta 55 ta 1970 ta kafa, ta zama cikakkiyar mamba a Yarjejeniyar Washington a Yunin 2023. Ma'anar wannan ga sashe ita ce ana tantance shi ne bisa abin da ɗalibinsa ya iya yi ranar da ya fita. Sashen da ya karɓi kiredit daga wata makaranta ya ɗauki alhakin abin da ke cikinsa, kuma idan masu tantancewa suka tambayi hujja, suna iri ɗaya a takarda biyu ba hujja ba ce. Shi ma ɗalibi ya bincika kafin ya motsa: shirin da zai koma yana da tantancewar NUC da ta COREN a halin yanzu? Ana iya barin shiri mai cikakkiyar tantancewa a koma wanda bai samu ba, saboda kawai ya fi kusa da gida.

Yadda wasu suka ɓullo wa abin

A Amurka ɗalibai da yawa suna yin shekara biyun farko a ƙananan kwalejoji masu arha kafin su koma jami'a. Jihar Kalifoniya tana da shafin intanet mai suna ASSIST, inda ɗalibi zai ga tun kafin ya yi rajista wane kwas na kwalejinsa ne zai tsaya a madadin wane a jami'ar da yake hari. Fulorida ta bai wa kwasa-kwasan makarantun gwamnatinta lambobi na bai ɗaya. Duk da haka, a injiniyancin sinadarai sun tarar da irin matsalarmu, domin ƙananan kwalejojin ba su cika koyar da lissafin shiga da fita ba, shi ya sa wasu jami'o'i suke buɗe shi a lokacin dogon hutu don masu shigowa.

Turai tana da tsarin kiredit na bai ɗaya mai suna ECTS, kiredit 60 a shekara. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙa'idar Yarjejeniyar Lisbon ta 1997: makarantar da za ta ƙi karɓar karatun da aka yi a wani wuri ita ce za ta nuna cewa akwai babban bambanci. A wurinmu ɗalibi ne ke yawo da fayil yana roƙo. Afirka tana da takwararta, Yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014. Majalisar Turai kuma tun 2017 take tantance karatun 'yan gudun hijirar da suka rasa takardunsu ta hanyar ganawa da ƙwararru. Wannan ya dawo da mu kan ɗaliban Sudan. Wanda ya baro Khartum da jaka ɗaya, makarantarsa a rufe, babu ofishin da zai aiko da takardar sakamako, tsarinmu ba shi da abin da zai auna shi da shi illa ya ce ya koma farko.

Abin da sashe zai iya yi da kansa

Ba sai an jira sabuwar doka daga Abuja ba. Shawarata ta farko, kuma ita ce babba, duk mai neman shiga aji uku ya zauna jarrabawar sa'a uku kafin a yanke hukunci. Tambayoyi kaɗan: lissafin kaya mai mayarwa da zubarwa, lissafin makamashi da teburin tururi, da lissafin difarenshiyal mai sauƙi, kamar tankin da ake cikawa ana zuƙewa a lokaci guda. A bar shi ya shigo da littafinsa, domin ba hadda ake nema ba. Wanda ya ci ya wuce aji uku, a yafe masa ƙananan bambance-bambancen suna da yunit. Wanda ya faɗi ya fara daga aji biyu, a yafe masa kwasa-kwasan gama-gari da ya riga ya ci, don ya sami sarari ya gyara tushensa. Mai difloma ya yi ta, wanda yaƙi ya raba da takardunsa ma ya yi ta, a haɗa masa da ganawa da malamai biyu.

Na san abin da za a ce. Za a ce jarraba ɗalibin wata jami'a raini ne ga malamanta. Amsata ita ce mayar da shi baya ba tare da an tambaye shi komai ba ya fi zama raini, kuma mu ma namu ɗaliban za a jarraba su idan sun je can. Za a ce sabuwar ƙofar alfarma ce, ɗan wane zai ci ko bai rubuta komai ba. Wannan tsoro ne na gaskiya. Maganinsa a wallafa samfurin tambayoyi da makin ci tun kafin lokaci, a yi gyara da lamba ba da suna ba, a ajiye takardun amsa a fayil ɗin da masu tantancewa za su iya buɗewa. Hukuncin rabin sa'a da ake yi yanzu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya.

Ta biyu, shugabannin sassan injiniyancin sinadarai su yi musayar jadawalin kwasa-kwasansu na aji biyu da uku tare da takardun jarrabawar shekarun baya, su fitar da jadawali guda da ke cewa wannan yana madadin wancan, kowane sashe ya liƙa a shafinsa. Takardar jarrabawa ta fi bayanin manhaja faɗin gaskiyar abin da aka koyar. A sa foliteknik ɗin da ke ciyar da mu da ɗalibai a cikin wannan jadawali.

Akwai kuma batun lokaci. Kalandar jami'o'inmu ta rarrabu tun bayan korona da yajin aikin 2022, har wata tana zangon farko wata tana na biyu. Ɗalibi yakan janye daga tsohuwar makaranta kafin sabuwar ta ba shi amsa a rubuce, ko amsar ta zo bayan an yi mako shida ana karatu, an riga an wuce babin da ya fi buƙata. Sashe ya sanya ranar rufe karɓar takardu da ranar jarrabawar tun kafin a buɗe zango, wanda ya makara ya jira shekara mai zuwa yana ci gaba da karatu a inda yake. Tsohuwar makaranta kuma kada ta soke rajistarsa sai ta ga takardar karɓa daga sabuwar.

Kwas ɗin cike giɓi a lokacin dogon hutu shi ne abin da zai warware tarkon SIWES da na bayyana, domin da shi ɗalibi zai biya bashin yunit uku cikin mako takwas maimakon shekara. Wahalarsa kuɗi ce: malamin da zai koyar a hutu sai an biya shi, kuma masu sauyi a sashe guda ba su cika kai yawan da zai ɗauki nauyin aji ba. Idan sassa uku ko huɗu da ke kusa da juna, a ce Zariya da Kaduna da Kano, suka yarda ɗaya ya koyar sauran su karɓi sakamakon, adadin zai isa, kuma wannan yana hannun majalisun jami'o'in su amince da shi.